Tafkin Kivu da iyali: a wane gari za a sauka, kuma me ake yi ban da kallon ruwa?

Wani Alhaji daga Kano ya aiko da tambaya. Yana da taron 'yan kasuwa na kwana 3 a Kigali, babban birnin Ruwanda, cikin watan Yuli, kuma zai tafi da Hajiya da yara uku, masu shekara 16 da 12 da 7. Bayan taro suna da kwana 6 a hannu. An ba shi shawarar ya kai su Gisenyi, bakin Tafkin Kivu. Sai ya ce: "Shin akwai abin yi a can, ko zaman otal ne kawai ana kallon ruwa? Kuma da gaske ne abin da na ji, wai tafkin yana iya fashewa?"

Alhaji, barka da war haka, Allah ya sa a yi taro lafiya. Na daɗe ina shirya wa mutanenmu tafiya zuwa wannan yanki, kuma na bi gaɓar tafkin nan daga kansa har wutsiyarsa ba sau ɗaya ba. Wanda ya ce maka Gisenyi bai yi ƙarya ba, sai dai rabin magana ya faɗa maka. Idan ka zube kwana 6 a Gisenyi kaɗai, kafin rana ta uku yaran sun fara tambayar yaushe za a koma gida. Daɗin Kivu yana warwatse ne a ƙananan garuruwan da ke bin gaɓarsa da duwatsun da ke tsakaninsu, kuma in ni ne, a Karongi zan fi daɗewa.

Kafin mu yi nisa, bari mu warware sunaye, don kada direba ya rikita ka. A 2006 gwamnati ta sake fasalin gundumomi, garuruwa da yawa suka sami sabon suna, amma tsohon bai mutu a bakin mutane ba. Gisenyi ita ce Rubavu. Kibuye ita ce Karongi. Cyangugu ita ce Rusizi, cikin garinta kuma ana ce masa Kamembe. Ruhengeri ita ce Musanze. A allon hanya za ka ga sabon suna, dattijon da ka tambaya zai amsa maka da tsohon.

Shi tafkin yana kan iyakar Ruwanda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, kuma kaso mafi girma na Kwango ne. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,700, zurfinsa a wani wuri ya kusa mita 480. Abin da zai fi shafar jikinka shi ne tudunsa: fuskar ruwan tana kan mita 1,460 daga matakin teku, wato ta ɗara Jos. Saboda haka da rana ba zafi mai gigita mutum, da dare kuma sai da rigar sanyi, musamman ga wanda ya taso daga Kano. Yuli rani ne a wurinsu, daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama kaɗan ne, ka dace da lokaci. Da a ce Afrilu ko Mayu ka ce, da na ja maka kunne, don a lokacin ne ƙasa ke zaftarewa. A farkon Mayun 2023 ambaliya da zaftarewar ƙasa sun hallaka mutum sama da 130, akasarinsu a wannan yanki na yamma.

Abu na farko da mutanenmu ke kuskurewa shi ne lissafin hanya. Mutum ya duba taswira ya ga Kigali zuwa Rubavu kilomita 150 da 'yan kai ne, sai ya ce ai bai kai Kano zuwa Katsina ba, awa biyu mun isa. A'a. Ka ware awa 3 da rabi. Ba banza ake ce wa ƙasar mai tsaunuka dubu ba: kwalta ce mai kyau, babu rami, amma da ƙyar ka sami kilomita guda a miƙe. Kwana ce bayan kwana, hawa bayan gangara, ga manyan motoci suna rarrafe, ga masu keke ɗauke da buhunan dankali suna sulalowa daga tudu kamar an jefo su. Ga kuma kyamarorin kama masu gudu, waɗanda mutanen ƙasar suka laƙaba wa suna Sofiya, tararsu kuma ba a roƙonta. Ƙaramar yarinyarka mai yiwuwa ta yi amai a hanya. A gida leda za ka tanada, to a can an haramta leda tun 2008, har a filin jirgi ana karɓewa. Ka sayi ɗan ƙaramin bokiti mai murfi a Kigali, ka sa ta a kujerar da take ganin gaba, kada a cika mata ciki kafin a tashi. Da iyali haka, ɗaukar mota da direba na kwanakin duka ya fi sauƙi. Motocin haya na tashi daga tashar Nyabugogo a kan lokaci, suna da tsafta da arha, amma ba za su tsaya maka a inda ido ya ga abin kallo ba.

Rubavu ita ce mafi hayaniya a cikin garuruwan bakin tafkin uku. Tana da bakin ruwa mai yashi, da dogon titi mai itatuwa da tsofaffin gidajen zamanin Turawan Beljiyam, da manyan otal. Ranar Asabar da Lahadi 'yan Kigali ke cika wurin da kiɗa, don haka mai neman natsuwa da iyali ya zo a tsakiyar mako. Garin manne yake da Goma ta Kwango, ba daji a tsakani, shinge ne kawai. Akwai mashiga biyu, babba da ƙarama, kuma ƙaramar ita ce ta talakawa, inda mata ke ketarawa da kwandunan tumatir da kabeji a ka. A arewa da garin, cikin ƙasar Kwango, ga dutsen Nyiragongo mai aman wuta. Ya yi aman da ya cinye wani sashe na Goma a Janairun 2002, ya sake a Mayun 2021, girgizar ƙasar da ta biyo baya kuma ta tsattsaga tituna da gidaje a Rubavu kanta.

Ka san labarin rikicin gabashin Kwango. A ƙarshen Janairun 2025 'yan tawayen M23 suka kama Goma, a Fabrairu suka kama Bukavu da ke kudancin tafkin, kuma a kwanakin faɗan Goma harsasai da rokoki sun faɗo cikin Rubavu har an rasa rayuka. Shawarata ba ta da kwana: kada ka ketara iyaka da iyali, ko da wani ya ce maka awa ɗaya ce a je a dawo, kada ka ɗauki hoto a mashiga, kuma ka bi labarai a makon tafiyarka. Idan ka ji an fara ɗaga murya a kan iyaka, ka tsallake Rubavu ka wuce Karongi kai tsaye daga Kigali ta hanyar Muhanga, kusan awa 3 ne. Karongi ba ta da iyakar ƙasa da kowa, ruwa ne mai faɗi tsakaninta da Kwango.

Idan lafiya lau ne, kwana ɗaya a Rubavu ya isa, kuma ba a cikin gari zan sauke ka ba. Ka gangara kudu 'yan kilomitoci zuwa Rubona, wani lungun ruwa da masunta ke ɗaure jiragensu. A nan kusa, a Nyamyumba, akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke fitowa daga ƙasa yana tururi a bakin tafki. Kada ka sa ran ganin wurin wanka na alfarma, kududdufi ne da aka tare da buhunan yashi, mutanen ƙauye na jiƙa ƙafa suna cewa yana maganin ciwon gaɓoɓi. A inda yake ɓullowa yana da zafin da zai sale fata, ka riƙe hannun ƙaramar. Yaran za su fi tuna wannan fiye da wurin ninƙayar otal. Kafin shiga Rubavu daga Musanze kuma za ka ratsa gonakin shayi na Pfunda, kwari guda shimfiɗe da kore kamar darduma, masu tsinka da kwando a baya. Mu da muke shan shayi safe da yamma, da yawanmu ba mu taɓa ganin itacensa ba. Toho biyu da ɗan kan da ke tsakaninsu kawai ake tsinka, sauran a bar shi.

Daga Rubavu zuwa Karongi akwai kwalta da ke bin kan tsaunuka ta gundumar Rutsiro, kusan awa 3, kuma a ganina ita ce hanya mafi kyan kallo a ƙasar. Tafkin yana ɓacewa yana bayyana a ƙasanka, kowane lokaci da sabon lungu da sabon tsibiri. A ƙasa da wannan kwalta akwai hanyar ƙafa da keke mai tsawon kilomita 227 daga Rubavu har Rusizi, wadda ake kira hanyar Kwango da Nilu. Masu ƙarfi suna yin ta a kwana 10 da ƙafa, ko kwana 5 a kan keke. Sunan ya samo asali ne daga doron tsaunukan da ke gabas da tafkin, inda ruwan sama ke rabuwa gida biyu. Ɗigon da ya faɗi ta yamma zai shiga Kivu, ya fita ta kogin Rusizi zuwa Tafkin Tanganyika, ya bi kogin Kwango har Tekun Atalantika. Wanda ya faɗi taku kaɗan ta gabas zai bi Nyabarongo da Akagera zuwa Tafkin Biktoriya, ya shiga Nilu, ya wuce ta Khartum har Masar. Ba na ce ku yi kwana 10 kuna tafiya ba. Ku yanki awa biyu ko uku daga ciki, da ɗan jagora. Hanyar tana bi ta tsakiyar rayuwar mutane, ta cikin ayaba da rogo da wake, ta gaban makaranta da coci, yara na bin ku suna gaisuwa. A ƙauyen Kinunu akwai wurin wanke kofi, inda ake nuna yadda ake ɓare jan 'ya'yan, a jiƙa, a wanke, a shanya a kan dogayen gadaje na raga. Girbi daga Maris zuwa Yuni ne, a Yuli sai dai ka tarar da ƙarshen shanya. Gangarawa Kinunu daga kwalta hanyar burji ce mai duwatsu, ka tambayi direba tun a Kigali ko motarsa za ta iya.

Yanzu Karongi. Gari ne ƙarami wanda aka gina a kan yatsun ƙasa da suka kutsa cikin ruwa, ta yadda kusan kowane masauki yana kan gangare yana fuskantar tafki. Babu yashi mai faɗi irin na Rubavu, akwai matakala da yawa, to idan Hajiya tana fama da gwiwa ka nemi ɗaki na kusa da wurin cin abinci tun wajen kama ɗaki. Abin da za ka samu a madadin yashi shi ne shiru, da tsibirai birjik a gabanka.

Ka kasance a bakin ruwa da misalin ƙarfe 5 na yamma. A lokacin ne masunta ke fita. Jirginsu ba irin kwale-kwalen da ka sani a Tiga ko Yawuri ba ne: kwale-kwale uku ne aka jera aka ɗaure da itace suka zama abu guda, kuma daga gaba da baya dogayen sandunan itacen turare sun miƙe sama sun lanƙwaso kamar ƙahon ƙwaro. Mutane na tuƙi da filafili, ɗaya yana ba da waƙa sauran suna amsawa, ana haɗawa da fito, kuma a kan amshin ne kowane filafili ke shiga ruwa lokaci guda. Jirgi goma, ashirin, suna fita a jere, sautin yana tafiya a kan ruwa har inda kake zaune. Idan duhu ya yi sai su saki taru a ƙarƙashin jirgin, su kunna fitilu. Haske yana jawo ƙananan kifaye su taru, sai a ɗaga tarun da waɗannan dogayen sanduna. Daga tudu za ka ga fitilun a tsakiyar ruwa kamar wani gari ya tsiro cikin dare. Da asuba suna dawowa, mata na jira da robobi.

Kifin da suke kamawa sunansa sambaza, bai wuce tsawon yatsa ba. Ba ɗan asalin tafkin ba ne, daga Tanganyika aka kawo irinsa a 1959, ya kuwa karɓi wurin har ya zama abincin yankin. Ana soya shi ƙayau a ci da kai da ƙaya, a matsa lemun tsami. Abubuwa biyu za su iya hana ka ganin fitar masunta. Idan wata ya cika ba sa fita, don hasken farin wata yana kashe amfanin fitila, to ka duba kwanan watan Musulunci, ka kauce wa 13 zuwa 16. Sannan hukuma na rufe kamun na kimanin wata biyu kowace shekara don kifi ya hayayyafa, galibi daga wajen Agusta. A Yuli dai ana kamun.

Da safe ka ɗauki jirgin inji zuwa tsibirai. Wanda aka fi zuwa shi ne tsibirin Napoleon, an sa masa sunan ne don siffarsa ta yi kama da hular wancan sarkin yaƙi na Faransa. Ana hawa kansa cikin kamar rabin awa, hanya ce mai tsakuwa da santsi, ba ta silifa ba. Itatuwan gefensa cike suke da jemagu dubbai, irin manyan nan masu cin 'ya'yan itace. Jagora zai tafa hannu, sai ka ga sama ta yi baƙi da kuka. Ni ba na son wannan tafin, dabba ce tana barcinta, amma ban taɓa ganin yaron da bai yi ihun murna ba. Idan da rabo kuma za ku gamu da shanu suna iyo daga wani tsibiri zuwa wani neman ciyawa, kai da ƙaho kawai a sama, makiyayi na bin su a kwale-kwale. Na taɓa raka wani dattijo Bafulatani wanda ya ƙi yarda da labarin har sai da ya gani, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambayi mai jirgi ko ba sa shan ruwa ta kunne.

Sharuɗɗa uku a kan jirgi. A yi ciniki a gama kafin a hau, a faɗi tsibiri nawa da awa nawa. Kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, kuma ka duba da idonka akwai daidai jikin 'yar shekara 7, don ta manya zamewa take yi ta kai. Sannan a fita da safe, domin bayan azahar iska kan tashi ruwa ya yi tambal-tambal. Game da wanka, Kivu ba shi da kada ba shi da dorina, wannan gaskiya ne. Amma gaɓarsa a Karongi tana zurmawa nan take, taku uku ka rasa ƙasa. Kuma kada a shiga inda ruwa ya kwanta cikin ciyayi, saboda tsargiya.

To, maganar fashewa. Ba tatsuniya ba ce, kuma mu a wannan yanki mun san irinta. A daren 21 ga Agusta 1986, Tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru ya saki iskar kabon da ta taru a ƙasansa, ta gangara kwari ta shaƙe mutum sama da 1,700 da dabbobi kusan 3,500, da yawansu shanun Fulani makiyaya. Shekara biyu kafin nan Tafkin Monoun, shi ma a Kamaru, ya kashe mutum 37. Tafkuna uku ne a duniya aka sani da wannan hali, na ukun shi ne Kivu, kuma ya ninka Nyos girma sau dubbai, ga mutane kimanin miliyan 2 a kewayensa.

Yadda abin yake shi ne kamar kwalbar lemo da ba a buɗe ba. Daga ƙarƙashin ƙasa, saboda duwatsun wuta, maɓuɓɓugai suna zuba ruwa mai gishiri da iskar kabon cikin gindin tafkin. Ƙwayoyin halitta kuma suna samar da iskar metan, irin gas ɗin da ake ƙonawa. An ƙiyasta akwai kabon wajen biliyan 300 na ma'aunin kubik mita, da metan wajen biliyan 60. Ruwan ƙasa ya fi na sama nauyi saboda gishirinsa, don haka ba sa gauraya, kuma a zurfin kimanin mita 250 akwai iyaka mai ƙarfi tsakaninsu. Nauyin ruwan sama shi ne murfin kwalbar. Haɗarin yana zuwa ne idan iskar ta cika har ruwan ƙasa ya kasa riƙe ta, ko wani abu mai ƙarfi ya motsa shi ya taso. A 2002 narkakken dutse ya kwarara cikin tafkin a Goma, murfin bai buɗe ba. A 2021 ma aka yi fargaba har aka kwashe mutane daga sassan Goma, bai buɗe ba. Masana suna auna shi a kai a kai, kuma awon baya-bayan nan ya nuna iskar ba ta kai matakin cika ba.

Ruwanda kuma ta mai da abin tsoro abin amfani. Daga Karongi, idan sama ta washe, za ka hango wani dandamali can tsakiyar ruwa. Tashar KivuWatt ke nan, wadda ta fara aiki wajen 2016. Tana zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 300, yana tasowa iskar na fita da kanta kamar an buɗe lemo, a tace metan a tura ta bututu zuwa gaɓa a samar da lantarki megawat 26, ruwan kuma a mayar da shi ƙasa. Wutar da za ka yi cajin waya da ita a masauki, mai yiwuwa daga gindin tafkin ta fito. Ni dai ina kwana a bakinsa hankali kwance, kuma kwanar hanya ta fi ba ni tsoro. Akwai gidan tarihin muhalli a Karongi inda ake bayanin wannan, ka kai ɗan shekara 12 ɗin.

Akwai abin da bai kamata ka wuce shi ba don kana hutu. Wannan yanki yana cikin inda kisan ƙare dangi na 1994 ya fi muni. A kan tudun da ke kallon ruwa a Karongi akwai cocin Katolika inda aka kashe dubban 'yan Tutsi da suka fake a ciki, kabarinsu yana ƙofar cocin. Kimanin kilomita 30 daga garin, can kan tsaunuka, akwai Bisesero, inda mutane suka yi makonni suna kare kansu da duwatsu da masu, aka kashe wajen 50,000. A 2023 UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya. Babban ɗanka zai iya zuwa, ƙananan biyu a bar su. Kuma ka gargaɗi kowa: mu mun saba tambayar mutum "kai wane yare ne?" a matsayin buɗe hira. A can kada a kuskura a tambayi wani ko shi Hutu ne ko Tutsi.

Daga Karongi ka ci gaba kudu ta Nyamasheke, awa 2 da rabi zuwa 3, sai ka iso Gisakura, inda gonakin shayi suka tsaya cak daji ya fara kamar an ja layi. Wannan shi ne gandun Nyungwe, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 1,000, da nau'in birai 13 da tsuntsaye sama da 300. Shi ma ya shiga jerin UNESCO a 2023. Abin da zai dace da ku duka shi ne gadar sama da ke Uwinka: gada ce ta igiyar ƙarfe mai tsawon mita 160, a rataye mita 70 sama da kwari, tana lilo kaɗan idan ana tafiya. Ana karɓar yara daga shekara 6. Zuwa da dawowa kamar awa 2 ne, gangarawa ba wuya, hawowa ne ke fitar da numfashi, don wurin ya haura mita 2,000. Ku zo da rigar ruwa ko da rani ne, da takalmi mai kama ƙasa, ku cusa ƙafar wando cikin safa saboda kwarkwasa. Neman birin cimfanzi sai an tashi tun kafin asuba kuma ba a kai ƙananan yara, na bar maka da babban. Rusizi kanta garin kasuwa ne da iyaka, tana kallon Bukavu, ba wurin daɗewa ba. Amfaninta filin jirgin Kamembe, wanda zai mai da ku Kigali cikin ƙasa da awa ɗaya maimakon awa 5 zuwa 6 a mota.

Za a yi maka tallar goggon biri a Musanze. Kuɗin izini na asali dala 1,500 ne kowane mutum, mutum 8 a rukuni, awa ɗaya tak a gaban dabbobin, kuma sai mai shekara 15. Hukumar raya ƙasar, RDB, takan yi wa 'yan Afirka rangwame, ka nemi farashin da ke aiki kafin ka yanke. A tafiyar iyali irin wannan ni zan bar shi. Ku tsaya cin abincin rana a Musanze, ku kalli jerin duwatsun Virunga, mafi tsayinsu Karisimbi mai mita 4,507, ku wuce.

Abinci da salla. Musulmi kaɗan ne a ƙasar, kimanin 2 cikin 100, amma akwai masallatai a Rubavu da Karongi da Kamembe, kuma a kewayensu ne za ka sami naman da ranka zai kwanta da shi. Kalma ɗaya ka haddace: akabenz. Naman alade ne soyayye, ana son sa sosai, kuma sunan bai nuna komai ba. Tsirensu na akuya yana da daɗi amma ka tambayi a kan wace waya aka gasa. Kifi shi ne mafita, sambaza ko karfasa gasasshiya da soyayyar ayaba ko dankali. Akwai isombe, miyar ganyen rogo, da ikivuguto, wanda kindirmo ne sak, ana sayar da shi a shagunan madara. Yajinsu wani man barkono ne a 'yar kwalba kamar ta maganin ido, Akabanga, ɗigo biyu ya isa, kada Hajiya ta zuba shi kamar manja. Girki a otal ɗin bakin tafki yana ɗaukar awa guda ko fiye, ka ba da oda kafin ku fita yawo. Ba a cin abinci a tafe a kan titi, abin kunya ne a wurinsu. Alƙibla kuma ba gabas ba ce kamar a Kano, kusan arewa take, ta ɗan karkata gabas. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya, rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, duhu kuma yana rufewa da sauri.

Biza ba matsala, 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka ana ba su ta kwana 30 kyauta a filin jirgi. Ka riƙe katin rigakafin shawara na kowa, a kuma kwana cikin gidan sauro, akwai zazzaɓin cizon sauro a bakin tafki. Asabar ɗin ƙarshen wata suna aikin gayya da suke kira umuganda, kamar tsaftar muhallin ƙarshen wata a Kano, daga safe har wajen ƙarfe 11 shaguna a rufe motoci a tsaye, kada ka sa tafiya a wannan safiyar.

Kwana 6 ɗin, ga yadda zan raba su: dare ɗaya a Rubona, uku a Karongi, biyu a Gisakura, sannan jirgi daga Kamembe. Idan iyaka ta yi zafi, daren Rubona ya koma Karongi. Jirgin Kamembe ƙarami ne kuma kujeru biyar a tare ba sa jiran mutum, ka kama su tun kana Kano. Ka ce wa yaran su koyi kalma biyu kafin ku sauka, muraho ita ce sannu, murakoze ita ce na gode. A gaida Hajiya.